Layi na Biyu a Bakin Zanen Yaya

Tasawa, 6 ga Afrilu

Zuwa ga 'yata Ramlatu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da ɗan jikana Muzammil. Ya zafin Korgom, ya fama da 'yan lakwal, yaran makarantarki? Mu nan sai godiya.

Takardarki ta iso ta hannun Yusha'u mai kabu-kabu, a tsaye na karanta ta a ƙofar labo, ɗakinmu na gwajin jini. Mutane da yawa sun ɗauka gwajin jini kamar hoto ne, duk ranar da aka ɗauko shi aka duba gaskiya yake faɗa. Ba haka ba ne, kuma wannan ruɗanin ne ya hana mahaifiyarki, Yaya Lalla, sakat.

Ke malama ce, za ki gane da wuri. A cikin ɗan farin allon robar nan da muke ce wa kaset akwai siririyar takarda. An shafa mata ƙwayoyin garkuwa irin waɗanda jiki ke yi don kama cuta, sai dai waɗannan ba su san kowa ba sai ƙwayar ciwon hanta. In aka ɗiga jini sai ya bi takardar. In ƙwayar na ciki su cafke ta, layi ya fito. Ɗayan layin, na gefen harafin C, shaida ce kawai cewa gwajin ya yi aiki. Ana dubawa bayan minti goma sha biyar zuwa ashirin, a jefar. In aka bar shi jinin ya bushe, launi kan kwanta inda bai kamata ba. Na Yaya layin C kaɗai ya fito, ba ta da ciwon. Inuwar layi na biyu da ta gani bayan kaset ɗin ya yi kwana biyar ƙulle a bakin zanenta, cikin wannan zafin, ba komai ba ce.

Kin ce ta ware kwanonta da ludayinta, ta daina goya Muzammil in kin tafi lakwal, in ya rarrafo wajenta kuma ta janye ƙafa. Nan na nemi wuri na zauna. Matar da ke ce masa angonta, tana yi masa gorin ba shi da haƙorin cin tuwon amarya. Ki gaya mata ko mai ciwon na gaske ba ya shafa wa yaro ta goyo ko ta kwano, balle ita. Ki karanta mata wannan a hankali.

Ki gaida kowa da kowa.

Innarki,
Kubra

Tasawa, 19 ga Afrilu

'Yata Ramlatu,

Ina gaishe ki, ina tambayar jikin Yaya da na yaron. Allah ya sa zazzaɓin haƙorin ya sauka.

Kin ce ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce Kubra na sonta ne shi ya sa take rufa mata. Ban ga laifinta ba. Akwai abin da na tsallake a waccan takardar. Ni na yi mata gwajin da hannuna, lokacin da ta zo nan bayan ciwon hanta ya ɗauke mahaifinku, Malam Cindo. Da na ce mata lafiya lau sai ta miƙo hannu, wai in ba ta abin ta je gida da shi ya zama shaida. Shekara ashirin da biyu ina wannan aiki, kullum ina yi wa ɗalibaina faɗa kada kaset ya fita daga labo. Amma ita ta goye ni, ita ta raka ni lakwal ranar farko, ban taɓa iya ce mata a'a ba. Na naɗe shi a takarda na ba ta. Ni na jawo mata wannan tsoron, kuma tun da na sani abinci bai yi mini daɗi ba.

Yanzu kin ce ta yanke shawarar komawa wajen kawunku a garin Sarkin Hausa ran Laraba, don ta yi nesa da yaron. In ta tafi da wannan a ranta ba za ta dawo ba, na san yayata.

Maganata ba za ta ƙara shigarta ba, sai ta gani da idonta a hannun wanda bai san ta ba. Ku je gidan likita na nan garinku ku uku. Ki ce ke ma a gwada ki. A fara da ita. In aka zo kanki, ki ce hannunki biyu ake so, ki dire mata Muzammil a cinya kafin ta sami bakin magana. Ki sa agogon wayarki a gabanta, ita za ta ƙirga mintocin. Ko ta kira sunanki, ko ta yi miki daƙuwa, kada ki karɓe shi, ki riƙe audugarki ki kalli rufi. Zai ja mata ɗankwali, zai nemi wuyanta. Minti goma sha biyar da shi a jikinta sun fi duk bayanin da na iya. In lokaci ya cika ta dubi layin da kanta, likitan ya jefa kaset biyun a kwandonsa tana kallo.

Ki gwada ran Talata da safe, kafin ta ɗaure kaya. In kun fito shi yana bayanta, kada ki ce komai, ki biyo su a baya.

Allah ya bar mu tare. Ki shafa mini kan yaron.

Innarki mai ƙaunarki,
Kubra