Saiwar Bayan Shagon Batir

Yayata abar ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jaririya. Allah Ya ƙara miki ƙarfin jiki, Ya raya mana ita. Mu nan da sauƙi. Baba ya koma aiki, ƙafar Kaka ta daina kumbura, sai dai Auta har yanzu cikinta yana murɗawa. A kanta na rubuto, don kin san a waya bakina mutuwa yake yi.

Kin tuna filin bayan tsohon shagon masu fasa batir, inda ko ciyawa ba ta fitowa? Wani ganyen magani ya cika wurin, kore shar. Kaka ta ce tsiron da ya rayu inda komai ya mutu ya fi kowanne ƙarfi. Wata biyu ke nan can take aika ni tonon saiwa, tana dafa wa Auta.

Ranar Talata na tarar da wata malamar jami'a a wurin, da safar hannu, tana zuba ƙasa a leda. Na juya zan gudu ta kira ni. Ta nuna min wasu siraran fararen zare a jikin saiwar, waɗanda nake ɗauka datti ne. Ta ce wata irin funfuna ce mai zama a saiwa, ita ke taimaka wa tsiron ya jure gubar dalmar da batir ya bari a ƙasar. Na yi murna, na ce ashe ta wanke shi. Ta ce a'a, jurewa daban, tsabta daban, sau da yawa ma a saiwar dalmar ke taruwa. Ta tambaye ni ko akwai mai sha. Yaya, kunya ta sa na ce babu.

Na gwada faɗa wa Kaka, ta yi dariya, wai ni da gaisuwa ma sai an matsa min, yau na zama likita. Tun ranar nake zubar da maganin a magudana, in ba Auta ruwan ɗumi a kofin. Ɗazu Auta ta faɗa wa Kaka maganin ya daina ɗaci. Kaka ta daɗe tana kallona, sannan ta ce daga gobe da hannunta za ta riƙa ba ta.

Don Allah ki kira Kaka da kin karanta, maganarki take ji. Ki ce a daina, a kai Auta asibiti a auna jininta. In ta tambayi wanda ya faɗa miki, ki ce ni ce.

Ki gaida maigidanki da surukarki, ki sumbaci jaririya.

Ƙanwarki mai kewarki.