Kwikwiyon da Aka Bari a Bakin Teku

Inna,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar taki? Yaya Kawu Sale, da ɗana Sagir? Har yanzu yana ƙin karɓar wayata?

Ni lafiya lau, kada ki damu. Ishbel, wadda muke aiki tare a gidan kula da tsofaffi a nan ƙasar Turawa, ita ta ga na rame ba na barci, ta jefa ni a motarta da tanti, muka bi gaɓar teku ta arewa.

Da hantsi, gaba da garin Durness, muka tarar da kwikwiyon karen ruwa shi kaɗai kan yashi, yana kuka kamar jariri. Na cire rigar sanyina zan ɗauke shi, Ishbel ta fizgo ni.

"Ke, uwar marayu! In uwarsa ta hango ki, ba za ta fito ba."

"Ai ta yar da shi."

"Wa ya gaya miki? Kifi ta tafi nema. Zauna."

Muka laɓe bayan dutse har shayinmu ya huce. Sai da ruwa ya fara cikowa, wani baƙin kai ya ɓullo. Uwar ce. Ta jawo ciki har gabansa, ya kama nono. Na sha kuka, amma tun ranar nake barci.

A aiko mini da awon ƙafar Sagir, zan saya masa takalmi. Ki ba shi labarin nan, ki ce masa ni ma kifi na tafi nema.

Allah ya bar mana ke.

'Yarki,
Lantana