Tsohon Mikron Gitarka Yana Wurina

Baban Ammar,

Na wuce kasuwar Sassumbrum da ɗinkin mutane, ban so in tashe ka ba.

Jiya na ji kana gwada sabon mikron ɗaukar sauti da ka ɗaura wa gita. Ƙara kam akwai, amma ba muryar nan ba ce da ta tsayar da ni a bikin Hinda a Bande, har furar da aka aike ni da ita ta tsinke a hannuna.

Ka yafe mini. Tsohon da kake ta nema bai ɓace ba, yana cikin gwangwanin keken ɗinkina. Maganaɗisunsa ke riƙe mini allurai tun ranar da ka cire shi.

Ka mayar da shi kafin wasan Asabar. Sabon kuma ka bar mini, allura ba ruwanta da murya.

Huraira