Wa Ke Noman Albasar?

Daren Laraba, Danchadi

Baban Sadiya, da kana nan da ban shiga wannan ba. Na gaji, bayana kamar ya ɓalle.

Yau masu bincike sun ka zo. Sun ce su ba gwamnati ba ne, amma abin da sun ka rubuta shi za su kai ma masu tsara rumbunan albasa. Wata mata cikinsu tac ce duk wadda ba a rubuta ba, ba za a san da ita ba.

Sai ta tambaye ni wa ke noman fadamarmu. Inna na zaune gefena. Ya zan ce gaban uwarka ni ke ci da gida? Nic ce maigida ne. Kai da ka shekara uku kudu! Matar ta kalli hannuwana duk kantar noma, ta rubuta.

Albasar bara rabi ta ruɓe a ɗaki. Ga shi ni da bakina na cire kaina daga masu samun rumbu.

Gobe masu binciken suna garin Shagari. In na bi motar safe zan iske su in gyara.

Ana buga ƙofa, muryar Inna ce. Bari in fara gaya mata zan je in ce ni ke noman.