Kun Kori Yayana Don Ya Rubuta Gaskiya a Katinku

Zuwa ga Babban Likita mai jagorantar binciken maganin firgita a unguwar PK5, Bangui.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan ranka ya daɗe yana lafiya a duk ƙasar da yake yanzu, tunda mu sau ɗaya muka ga fuskarka, ranar ɗaukar hoto.

Ni ƙanwar Sale ce, mahauci a kasuwar PK5, wanda a takardunku lamba ce kawai. Na rubuto a fili ne don na gaji da ɗumama bencin ofishinku.

1. Tun shekarun rikici Yaya Sale bai koma daidai ba. Salansar babur ta yi ƙara sai ka same shi ƙarƙashin tebur yana kyarma, har ya bar kasuwa. Da ma'aikatanku suka shigo unguwarmu Kokoro neman masu gwada sabon magani, ni na ja hannunsa na kai shi. Kuka ba shi ƙwaya sau uku a kullum, safe da tsakar rana da dare, tare da katin rubuta lokacin sha. Ba zan ɓoye alheri ba, maganin ya karɓe shi. Cikin wata biyu ya koma teburinsa, har yana tsokanar masu saye.

2. Da azumi ya matso, sau uku ina zuwa tambayar nas yadda za a yi da ƙwayar tsakar rana. Kullum sai ta ce za ta tambaye ka. Har aka ga wata ba amsa. Ku da digirinku jibgi kun tsara bincike a inda kiran sallar Masallacin Koudoukou ke shiga har ɗakin awonku, amma ba wanda ya tuna mutanen nan suna azumi. Mai kunun bakin titi ta fi ku shiri, ita tun da saura wata guda take tanadin gyaɗarta.

3. Liman ya gaya masa mara lafiya yana da rangwame. Shi kuwa ya ce ai ya ji sauƙi, ba zai sha azumi ba. Ya mayar da ta safe sahur, ta rana kuma buɗa-baki, ya rubuta ainihin lokacin a kati kamar yadda kuka ce. Bayan ƙaramar salla aka sallame shi daga binciken, wai bai bi ƙa'ida ba. Na zaga shagunan magani na Bangui ban samu ƙwayar ba, domin ko suna ba ku sa wa kwalbar ba.

4. Ga abin da ba ka sani ba. Na san mutane a Kokoro da Yakité da suka sha nasu da magariba kamar shi, suka rubuta ƙarfe sha biyun rana. Duk suna nan cikin bincikenku suna karɓar magani. Ba zan faɗi sunan kowa ba, don ba su yi laifin da ya kai naku ba. Amma in ka tsaya gaban manyan likitoci kana nuna sakamako, ka sani katunan wata guda cur ƙarya ce, kuma mai gaskiyar cikinsu kun kore shi. Wallahi na raina irin wannan ilimi.

Buƙatuna biyu ne. Ku mayar da Yaya Sale kan maganinsa, ko ku faɗa mana abin da likitan gari zai ba shi a madadinsa. Sannan kafin azumi mai zuwa, wani a cikinku ya daure ya tambayi ko mai gadin ƙofarku yadda muke rayuwa.

Ku hanzarta. Sati uku ke nan bai fito daga ɗaki ba, kuma jiya ni da matarsa muka kwashe wuƙaƙen aikinsa muka kai ajiya gidan maƙwabta.

Allah ya ƙara wa ranka ya daɗe lafiya da ɗaukaka, ya tsare ka da ganin ɗan'uwanka a wannan hali.

Wassalam.

Rakiya, ƙanwar Sale mahauci,
Kokoro, Bangui.