Tulin Ciyawa a Gidan da Babu Saniya

Purranque, ƙarshen watan Nuwamba

Zuwa ga yayata Edelmira,

Gaisuwa mai yawa daga ƙaninki, da addu'ar takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Wenceslao da yara. Allah ya yaye masa tarin nan, ya tsare shi a ramin tagulla, ya raya mana Danitza da Yerko. Mu nan ƙalau muke, sai abin da ba a rasa ba. Ƙafar Goggo Herminda ta sauka, har ta koma zuwa coci tana gyara wa mutane waƙa. 'Yata Maribel tana can Puerto Montt wajen uwarta, karatu na tafiya, tana kuma kirana duk ranar da wayarta ta fara ciwo. Ki yi haƙuri da na zaɓi takarda. Tun muna yara ban taɓa kai ƙarshen zance ba ki katse ni ba, wannan kuwa ina so ki ji shi har gindinsa kafin ki fara faɗa.

Kin san yadda watan nan yake mana. Tun da sanyi ya ja baya ciyawa ta taso kamar ana janta da igiya, kowane mai shanun tatsa daga Corte Alto har Río Negro so yake a yanke masa rana ɗaya da maƙwabcinsa. Kowa ina ce masa shi ne na gaba. Wanda ya matsa in ce masa inji yana kan hanya, kuma ban yi ƙarya ba, tunda ban ce hanyar gidansa ba. Shekarun da na yi ina dillancin shanu a karar Osorno ba su tafi a banza ba. Sai dai, Yaya, a kara ko zagi ne mutum yana samun mai zaginsa ido da ido. Nan kuwa daga fitowar rana har faɗuwarta ina zaune cikin akwatin gilashi a kan injin datsa, ciyawa na shiga ta gaba tana fita ta sama, masu tirela su zo su cika su tafi, ba abin da nake gani nasu sai gwiwar hannu a taga. Hirarmu duk a oba-oba take, ita ma ba ta wuce matso, tsaya, ta cika. Burodi da cuku a cinya nake ci, hannu ɗaya a sitiyari. Rannan sai na tsinci kaina ina yi wa tsuntsayen da ke bin bayan inji bayanin yadda ake gane saniya mai ciki. In na koma ɗakin da nake haya, rediyo nake kunnawa don dai a ji motsin wani.

To, ga maganar. Da kika kira ni kika ce in lallashi Baba ya ba maƙwabcinsa Don Baldovino hayar gonar, ya tattara ya koma wajenki Calama kafin Kirsimeti, na amsa miki ne da zuciya ɗaya. Hujjarki ba ta da makusa. Mama ta rasu, shanun ya sayar da su tun bara waccan saboda gwiwarsa ta daina yarda da tatsar asuba, ga kuma faɗuwar da ya yi bayan rumbu cikin ruwan watan Yuli, wadda ba don Allah ya kawo maƙwabciyarsa Doña Ninfa neman ƙwai ba, da yanzu wani zancen ake yi. Kika ce ni ne mai bakin da zai sayar wa mutum takalmin da ke ƙafarsa. Na tsara maganar tsaf a kaina, na san inda zan yi sanyi da inda zan kawo sunan jikoki. Ban kai ga kiransa ba sai ga shi ya riga ni, yana tambaya yaushe zan zo in yanke masa ciyawa, ko sai ta yi furanni ta zama tsintsiya.

Bara ma ya sa na yanke masa, a lokacin ya ce yana shirin sake sayen shanu, na yarda. Bana na ce to, Baba, bari in turo ƙaramin inji mu naɗe ta curi-curi cikin farar leda, mutum biyu sun isa, kafin rana ta take an gama, kuma curi ana ɗora shi a mota a sayar. Ya ce shi ba za a zuba masa ƙwan dodo a gona ba. Tuli yake so irin na da, a zube ta wuri ɗaya, tarakta ta hau ta danne, a ja baƙar leda, a jera tayoyi a kai, ta tsima ta zama abincin shanu. Na ce tuli ai ba ya sayuwa, wa zai ɗauke shi? Ya ce ya ji, ɗan kasuwa, amma shi bai tambaye ni farashi ba. Na ga idan zan raba tsoho da gonarsa, gara in fara da faranta masa. Na zare wani babban mai madara daga layi, na ce masa bel ya tsinke, na kwashi mutanena muka nufi gonar Baba a Hueyusca.

Da muka isa na zagaya bayan rumbu in duba inda za mu zube, sai na tarar wurin a cike. Tulin bara yana nan yadda muka bar shi, ko kusurwar ledar ba a ɗaga ba, ƙaya ta tsiro ta ratsa cikin tayoyin ta ɗaure su. Na tsaya ina lissafin da me za mu danne sabuwar leda tunda tayoyin gidan duk suna kan tsohuwar. Sai ga Baba yana ɗingishi, ya ja ni gefen garke ya nuna mini wasu a jere, tari guda, an ma wanke su. Ashe duk sanyin nan, har bayan faɗuwar, yana hawa tsohuwar motarsa yana bin masu faci na gari yana roƙon tayoyin da suka mutu. Ya ce masu facin sun san shi yanzu, har kujera suke ba shi. Na nuna wa masu tirela fili kusa da tsohon tulin.

Da kin gan shi ranar nan, Yaya. Ya sa hularsa ta zuwa kasuwa, ya tsaya gefen tuli da sanda yana ba da umarni kamar shi ya sayi injin. Aladino, wanda muke kira Mai Tumbi, shi ne a kan taraktar danniya, yana hawa yana sauka. Baba ya yi ta tsokanarsa, wai da ya sauko ya kwanta a kai da tumbinsa, da an huta da sayen mai. Aladino ya leƙo ya ce idan tsohon nan bai yi shiru ba zai haɗa da shi ya rufe, a buɗe shi da rani, wataƙila ya fi daɗin sha'ani bayan ya tsima. Baba ya yi dariya har sai da ya dafa sanda. Rabon da in ji wannan dariyar tun Mama na kwance.

Rana na karkata iska ta juyo daga arewa, kin kuwa san abin da ke biye da ita. Mai madaran nan da na yi wa zancen bel, ciyawarsa na zube a fili tun jiya, idan ruwa ya same ta sai dai taki, ni kuma sunana ya ɓaci a yankin gaba ɗaya. Muka ja leda a guje, muka yi ta jifa da tayoyi ba mai duban wani. Baba yana bin mu yana cewa abinci ya nuna, a wanke hannu. Mutanena suka ce wa Baba, wani jiƙon, Don Eleodoro, kowa ya haye abin hawansa. Ba laifinsu ba ne, ni na koya musu haka. Na shiga kicin da niyyar in yi masa sallama a tsaye, sai na ga teburin. Ya ƙara masa katakon nan da Mama ke sawa ranar rufe tuli, ya jera farantanta masu shuɗin baki tun daga wannan kai har wancan. Ya yanka ɗan rago, babbar tukunya na kan murhu cike da farfesun cazuela, ga fanken sopaipilla da ya soya da kansa, rabinsu sun ƙone, ga chicha, giyar tuffa, a tulu. A nan na gane abin da ya sa ya ƙi curi. Curi mutum biyu ne, su ma ba sa saukowa. Tuli kuwa sai da hannuwa, kuma tun muna yara duk hannun da ya ɗauki taya a gidan nan sai ya ɗauki cokali.

Na leƙa waje na ce wa Aladino ya ja injin datsa su wuce, zan same su. Na dawo na zauna. Mu biyu a dogon tebur, karar taraktoci tana nisa har ta ɓace. Ya zuba mini, na cinye, ya ƙara, na cinye, har sai da na sassauta bel, shi kuwa yana juya cokali kawai. Bai yi ƙorafi ba ko kaɗan. Ya ce yaran suna da aiki, ya yaba dannawar Aladino. Can ya dubi taga ya ce, "Ka san tun da na sayar da shanun ba wanda yake da dalilin shigowa? Motar madara ta daina tsayawa, mai allurar shanu ma sai dai ya yi mini hon ya wuce."

Maganarki tana bakina a lokacin, na rantse miki, da sunan jikoki da komai. Na buɗe baki, sai na ji kaina ina cewa ni ma ina cikin matsala, na yi gangancin sayen 'yan karsana jajaye a kara don na ga sun faɗi, ga shi ba ni da inda zan ajiye su, mai garken da suke yana neman korata. Na ce ban sani ba ko zai taimake ni, tunda ga ciyawa tana zaman banza. Ya ce shi ba shi da lokaci, zai dai yi tunani. Bai gama rufe baki ba ya tambayi ko an cire musu ƙaho, ko an yi musu allurar tsutsa, ya ce shingen bakin rafi ma yana son gyara.

Ruwan ya sauka ya yi kwanaki, aiki ya tsaya, na samu na tafi kara neman karsanar da na riga na saya da baki. Tsofaffin abokan dillanci suka yi mini ca, wai ga mai yankan ciyawa ya zo ganin masu cin ta. Jajayen da aka kawo ranar ba na kai wa Baba ba ne, zai kore ni da su tun daga ƙofa. Na zaɓi wasu masu baƙi da fari, lafiyayyu, na sa aka kai. Ya buɗe bakin kowacce, ya shafa bayanta, ya zagaya su a hankali. Sannan ya ce, "Jajayen ne suka koma haka a hanya? Lallai ruwan bana da ƙarfi yake." Na fara kame-kame, ya ɗaga mini hannu. "Zan riƙe maka su, Nibaldo. Amma ba na kiwon dabbar da mai ita ba ya zuwa dubawa. Duk Lahadi ka zo, ko ana yanka ko ba a yanka. Ka rame, kuma surutunka ya yi yawa, irin na wanda ya daɗe bai sami mai saurarensa ba." Ni da na je sayar masa da Calama, kin ji yadda aka ƙare cinikin.

Ban ce miki babu haɗari ba, Yaya. Gwiwar tana nan yadda take, zai iya sake faɗuwa, kuma idan hakan ta faru na san ni za ki fara duba. Na ɗauka. Doña Ninfa ta yi alkawarin duba hayaƙin gidan kowace safiya, in ba ta gani ba za ta tsallako. Abin da nake roƙo shi ne ki jingine maganar haya da tafiya. Idan kuma kin ce lallai sai ya zo, to ki taho ki faɗa masa da bakinki, ni nawa ya ƙi. Ki zo ma da rani ko ba don haka ba, ya ce da zarar fili ya bushe zai buɗe tulin bara, yana so a ga ko ya yi kyau. Lahadin da ta wuce na je, bayan na yi wa mutum uku alkawarin ina hanya. Na hango shi can bakin rafi, ya durƙusa da ƙafa ɗaya yana fama da shinge, karsanan sun kewaye shi suna kallo. Ko gaisawa ba mu yi ba, ya ɗaga guduma ya nuna mini rumbu, wai in ɗauko masa ƙusa. Na juya da sauri kamar ɗan shekara goma.

Ki gaishe mini da Wenceslao, ki ce ina yi masa sannu da jiki. Ki gaida Danitza, ki ce kawunta ya ga hoton, ta zama budurwa. Yerko kuma ya dage da karatu, kada ya gaji bakin kawunsa. Ki gaida surukarki Doña Fresia da kyau. Goggo Herminda tana gaishe ku, Maribel ma da ta san ina rubutu da ta gaishe ku. Baba bai san da takardar nan ba. Allah ya bar mu tare, ya sa mu gana da alheri.

Ƙaninki,
Nibaldo