Tambayar da Ummi Ta Yi Mini a Ajinki

Zuwa ga Malama Binta,

Assalamu alaikum. Na san babu ɗan aiken da zai kai miki wannan takarda, kuma ba za ki taɓa karanta ta ba. Amma bakina ya saba da ba ki labari in na dawo gida, yau kuwa na dawo da labarin da ba ni da wanda zan ba sai ke.

Gida lafiya. Yaya Asabe ta dawo wurinmu tun bayan addu'ar arba'in, ita ke riƙe da girki, ko da yake har yanzu ɗanmu Sadiƙu ture miyar kuka yake yi, wai ba irin taki ba ce. Katangar bayan gida da kike yi mini mita a kanta ta faɗi a wannan daminar, na sa an tayar da ita da bulo. Maƙwabtanmu na Kusfa ba su yar da mu ba.

Ummi ce dai. Tana zuwa makaranta, amma duk ranar da ake darasin kasuwanci, darasinki, sai ta tashi da ciwon kai. Ban taɓa tilasta mata ba. Da wane baki? Yarinyar da uwarta ce malamar ajinsu, yaya za ta zauna ta ga wani tsaye inda kike tsayawa?

Wanda aka ba ajin naki wani saurayi ne daga Gyallesu, Malam Nura, yaro mai ladabi. Ya zo har zaure ya same ni, ya ce 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare sun hana shi sakat. Wai kin kawo musu tela mai aikin babbar riga, kin kawo ungozoma, kin kawo makanike da baƙin mai a hannunsa, kowa ya faɗa musu yadda yake neman abincinsa. Wai kin sa sun dafa zoɓo sun sayar idan an fita tara, kowa ya cire ɗan wani abu daga ribarsa aka saya wa aji tsintsiya da bokiti, kika ce musu wannan shi ne haraji. Saura mutum ɗaya da kika yi musu alkawari, mai karɓar harajin gaske, kuma kin ce musu a gidanki yake kwana.

Dariya ta zo mini, hawaye ya riga ta. Kin tuna yadda nake zillewa? Nakan ce wa ke son ganin ɗan haraji, mu da ake janyo ƙofar shago in an hango mu. Ke kuma ki ce ai shi ya sa, gara yara su san ni tun ba su koyi guduna ba.

To, yau na je. Ban ce wa Ummi ta zo ba, amma da na fito na same ta a zaure ta sa hijabin makaranta, ta hau bayan babur.

Na tsaya gaban allonki, Binta. Na gaya musu yadda na fara aiki, da bambancin mai albashi da mai sana'ar hannu, da cewa duk wanda ya samu akwai ɗan rabon jama'a a cikin samunsa. Suna ta tambaya. Wata ta ce ko mai tuyar awara ma tana biya, wani ya ce ko Sarki yana biya. Har na fara jin daɗi. Sai na shiga lissafa abin da ake yi da haraji, na ce hanya, na ce makaranta, na ce asibiti. Kalmar tana fita daga bakina na san na taka wurin da bai warke ba.

Ummi ta ɗaga hannu. Ta miƙe kamar kowace ɗaliba, ta kira ni Malam, ba Baba ba. Ta ce in da haraji ake sayen kayan asibiti, me ya sa tukunyar iskar oksijin ba ta da komai ranar da muka kai mamanta?

Ke kin fi kowa sanin ranar. Ciwon asma ya taso miki bayan azahar, muka sa ki a keke napep zuwa asibiti mafi kusa, aka ce iska ta ƙare, mu wuce gaba. Ba mu kai gaban ba. A cunkoson Ƙofar Doka kika cika, kanki a cinyar Ummi. Tun daga ranar ni da ita ba mu taɓa ta da zancen ba.

Malam Nura ya matso zai ceci rana, na ɗaga masa hannu. Da na ce kwana ne ya ƙare, da ban yi ƙarya ba, kuma da kowa ya gyaɗa kai. Amma shi ne abin da ta tambaya? Na ce musu rai na Allah ne, ajali ba ya jiran kowa, amma tukunya da ba komai a cikinta aikin mutane ne. Na ce ban san a hannun wa aka yi sakacin ba. Na ce wanda ya biya yana da haƙƙin ya tambaya, ya kuma sake tambaya har sai an ba shi amsa. Sannan na ce a cikinsu akwai wadda za ta zama nas, akwai wanda makullin sito zai shigo hannunsa, akwai wanda zai sa hannu a fitar da kuɗin jama'a, duk wanda abin ya zo kansa ya tuna da Malamarsu. A nan na tsaya. 'Yan matan layin gaba sun rufe fuska da hijabi suna kuka.

Na amsa daidai, Binta? Ke da haka za ki ce?

Da aka tashi, Ummi ta ce kada mu hau babur. Na tura shi muka tako har gida, ita kuma ta buɗe baki. Ta faɗa mini yadda kika riƙe mata yatsu, da yadda ta yi ta zaton ita ce ba ta ɗaga miki kai yadda ya kamata ba. Ashe abin da take ɗauke da shi ke nan ita kaɗai, muna kwana gida ɗaya. Na tsayar da babur a bakin hanya na rantse mata ba laifinta ba ne, na maimaita har sai da ta dube ni. Ta ce za ta koma darasin.

Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. Duk ranar da na zo ɗaukar ki na ce an tashe mu da wuri a ofis, ba haka ba ne. Fitowa nake da gangan, in kashe babur daga nesa, in tsaya bayan tagar ajinki ina jin muryarki. Kunya ce ta hana ni faɗa, ina ganin akwai lokaci.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka makwancinki, Ya sada mu a inda ba a rabuwa.

Mijinki,
Baban Ummi